Yadda Na Canja Makullin Wi-Fi na Gidanmu a Aboabo, da Kwana Biyar da Na Yi Kafin Komai Ya Daidaita

Gidanmu da ke Aboabo a Kumasi babban gida ne irin na Zango, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, iyalinmu a sashe ɗaya, 'yan haya a sauran. Shekara biyu ke nan da aka ja mana wayar intanet. Kamfanin ya kafa ƙaramin akwatinsa a bango, ni kuma na sayi rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, na jona ta da akwatin na ɗora bisa kabad ɗin falo. Da wannan intanet nake sana'ata ta buga takardu da cike wa mutane fom, da shi 'yata ke karatu, da shi kuma mahaifinmu ke sauraron tafsiri da kiran 'yan'uwa na Tamale da Yendi. Abin da ya same ni lokacin da na canja tsarin tsaron wannan rauta ya ci mini kwana biyar da kuɗin da ban shirya kashewa ba, kuma da na fahimci musabbabinsa sai na ga cewa duk wanda ke da rauta a gida yana iya faɗawa irin wannan rami. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki.

Tun watanni da suka wuce na lura cewa intanet ɗin yana yin nauyi da zarar an idar da sallar isha'i, kuma datar da nake saya ta wata guda tana ƙarewa tun ana saura mako. Wata rana na rubuta 192.168.0.1 a burauzar wayata, wanda shi ne adireshin shafin saitin rautata kamar yadda aka buga a takardar da ke manne a ƙarƙashinta, na duba jerin na'urorin da ke haɗe. Na ƙirga 23, alhali duk abin da iyalinmu suka mallaka, daga wayoyi zuwa talabijin da firinta, bai wuce 9 ba. Ba wanda ya yi mini sata. Ni da hannuna na ba wani ɗan haya kalmar sirri a lokacin da yake neman aiki, kuma wayoyin Android, tun daga na 10, suna iya nuna kalmar a matsayin zanen QR wanda wani zai ɗauka da kyamara ya shiga ba tare da ya san ko harafi ɗaya nata ba. Haka ta yi ta yawo daga ɗaki zuwa ɗaki har ta ƙetare katanga. A wannan shafin ne kuma na ga cewa tsaron yana kan gaurayen WPA da WPA2. Na ɗan yi karatu a kai, na gane cewa makullan Wi-Fi hawa-hawa ne: WEP shi ne na farko, kuma masana sun nuna yadda ake fasa shi tun 2001, WPA ya zo a 2003 a matsayin faci, WPA2 ya biyo baya a 2004, sannan WPA3 ya fito a 2018. Da na ga rautata tana da na ƙarshen, sai na ƙudura cewa shi zan sa, tunda a ganina sabo ya fi tsoho ta kowace fuska.

Daren Alhamis, bayan kowa ya kwanta, na zauna da wayata na canja abu uku a lokaci guda. Na mayar da tsaro WPA3 zalla, na sa sabuwar kalmar sirri mai tsawo wadda na haɗa da kalmomin Hausa har da harafin ƙ a ciki, sannan na danna wurin da ke ɓoye sunan Wi-Fi don kada maƙwabta su ma gan shi a wayoyinsu. Sunan kansa ban taɓa shi ba. Ina danna maballin adanawa sai shafin ya daskare, alamar Wi-Fi ta ɓace daga saman wayar. Wannan ba lalacewa ba ce, domin ta Wi-Fi ɗin nake magana da rauta, kuma na canja makullin ƙofar da nake tsaye a cikinta, amma a lokacin ban san haka ba, gabana ya faɗi ƙwarai. Wayar ta yi ta ƙoƙarin shiga da tsohuwar kalmar da ta adana, ana ƙin ta. Na kusa minti arba'in ina fama kafin na gano cewa dole in shiga jerin hanyoyin da wayar ta adana, in danna kan sunan namu, in zaɓi Forget domin ta manta da shi ɗungurungum. Da yake kuma na ɓoye sunan, sai da na rubuta shi da hannu, babban harafi a wurin babba, ƙarami a wurin ƙarami, na zaɓi irin tsaron da kaina. Da na samu shiga, abu na farko da na yi shi ne dawo da sunan fili, don na ga wahalar da ɓoye shi ke jawowa ta fi amfaninsa. Wayata ta yi aiki, na kwanta da tunanin an gama.

Da safiyar Juma'a aka fara sallama a ƙofar ɗakina. Wayar maiɗakina da ta 'yata ba su ba ni wahala ba: na sa sun manta da tsohon saiti, na nuna musu zanen QR daga wayata, suka shiga. Sauran kuwa kowace da irin tata gardamar. Kwamfutar aikina mai Windows 10 ta nuna saƙon cewa saitin da ta adana bai dace da abin da hanyar ke buƙata ba. Talabijin tana ganin sunan, amma da na zo rubuta kalmar sirri da rimot sai na tarar babu harafin ƙ a allon rubutunta, haka ma a ƙaramin allon firinta. Daga baya na san cewa ƙa'idar kalmar sirrin Wi-Fi ita ce haruffa 8 zuwa 63 daga haruffan Turanci na yau da kullum da lambobi da alamomin da ke kan kowane allon rubutu, kuma haruffanmu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ ba sa ciki, ko da wata rauta ta karɓe su ba tare da ta ce uffan ba. Na koma na cire harafin, wanda hakan ya sa wayoyin da suka riga suka shiga suka sake fita, na sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka talabijin da firinta da kwamfuta suka ƙi. Wadda ta fi damuna ita ce wayar mahaifinmu, tsohuwa ce mai Android 8 wadda ya saba da ita, ba ya son a canja masa. Tana nuna tana haɗawa, ta tsaya, ta ce an samu matsala wajen tantancewa, ta sake farawa. Ya fito da ita a hannu, tabarau a kan hanci, ya ce mini, “Me ka yi wa abin nan ne? Jiya lafiya lau na kwanta da shi.” Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, gyara nake yi, in sha Allahu kafin a sauko daga masallaci zai dawo.” Ban cika wannan alkawari ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Bayan sallar Juma'a na kira layin taimako na kamfanin da ke ba mu intanet. Na jira minti ashirin da wani abu ina jin kiɗa kafin wata ma'aikaciya ta ɗauka. Ta nemi lambar asusu, ta duba, ta ce layinmu lafiyarsa ƙalau daga wajensu, wanda gaskiya ne. Ta sa na kashe rauta na kunna, ba abin da ya canja. Da na gaya mata cewa ni na sayi rautar ba tasu ba ce, sai ta ce iyakar abin da za ta iya ba ni shawara shi ne in mayar da ita saitinta na asali. Ba na ɗora mata laifi, domin ban gaya mata abin da na canja ba, na dai ce mata wasu na'urori sun daina shiga, kuma likita ba ya ba da maganin ciwon da aka ɓoye masa. Na sami tsinken sakace, na cusa a ɗan ramin da ke bayan rautar, na riƙe kamar daƙiƙa goma har fitilun suka ɗauke suka dawo. Wannan shi ne kuskure mafi tsada a cikin duk abin da na yi.

Rautar ta dawo da sunanta na kanti da kalmar sirrin da ke kan takardar ƙarƙashinta, kuma abin mamaki, kowace na'ura ta shiga nan take, har wayar Baba da firinta. Sai dai ba wadda ta buɗe ko shafi ɗaya; kowace tana nuna ta haɗu amma babu intanet. A nan ne na fara fahimtar cewa hanya biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai hanyar da ke tsakanin waya da rauta, ita ce Wi-Fi, akwai kuma hanyar da ke tsakanin rauta da kamfani. Tsaron da na canja ya shafi ta farko kaɗai, amma tsinken ya share duka biyun. Layinmu irin wanda ake kira PPPoE ne, wato rauta ba ta samun intanet sai ta gabatar wa kamfani wani suna da wata kalmar sirri dabam, waɗanda ma'aikacin da ya ja mana waya ya shigar shekara biyu da suka wuce, ni kuwa ban taɓa rubuta su ba. Na sake kira, aka ce ba a ba da irin wannan bayani ta waya sai mai asusu ya je ofis, kuma sashen da ke kula da shi sai Litinin. Asabar da Lahadi na sayi datar sidi 60 a wayata ina raba wa gida, na kuma mayar da mutum uku da suka kawo aikin bugawa mai nauyi.

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na hau tirotiro zuwa Kejetia, na taka zuwa Adum, da rautar da cajarta da kwamfutata a jaka. A ofishin an ba ni lambar layi a bakin ƙofa, na zauna sama da awa ɗaya da rabi. Da aka kira ni, ma'aikacin ya nemi Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da lambar asusu da lambar wayar da aka yi rajista da ita. Na miƙa katina, ya duba kwamfutarsa, ya ce sunan bai yi daidai ba. Sai a lokacin na tuna cewa ranar da aka ja wayar ina wurin jana'iza, yayana ne ya sa hannu, don haka asusun da sunansa yake duk da cewa ni ke biya kowane wata, shi kuwa yanzu yana aiki a Accra. Ma'aikacin ya yi mini bayani cikin ladabi cewa ba zai iya ba ni bayanan ba, amma zai iya tura su ta saƙon tes zuwa lambar da ke rajista idan mai asusun ya tabbatar. Na fita waje na kira, na ce, “Yaya, don Allah ka riƙe wayarka a kusa, za su kira ka yanzu, kuma saƙon da zai shigo ka turo mini shi yadda yake, kada ka sake rubuta shi da hannu.” Aka kira shi, ya amsa tambayoyinsu, saƙon ya iso bayan kamar minti goma sha biyar. Ban biya ko pesewa ba a wannan ofis, abin da na biya shi ne safiyata. Kafin in fita na tambayi yadda ake mayar da asusun zuwa sunana, aka ce sai mu biyu mun zo da katunanmu, kuma mun sa ranar yin haka idan ya zo gida.

Daga nan na gangara wajen PZ, inda masu sayar da wayoyi da masu gyara suke, na nemi wani matashi ɗan Asawase da wani abokina ya yaba mini aikinsa. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, gilashin gabansa cike da wayoyin da aka ɓare. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini tambayar da ba wanda ya yi mini, ni ma ban yi wa kaina ba: “Malam, bayan ka cusa tsinken, duk sun shiga?” Na ce duka. Ya ce, “To ai ga amsarka nan. Rautar ta koma WPA2 ne, shi kuwa duk sun iya shi. Ba kalmar sirri ce ta hana su ba, irin makullin ne.” Ya jona rautar da wuta, ya haɗa ta da kwamfutata da kebul, ya shiga shafin saiti yana nuna mini da bakin biro. Ya ce WPA3 yana da tasa hanyar gaisuwa tsakanin waya da rauta, wadda ake kira SAE, kuma yana wajabta wata kariya mai suna PMF wadda ke hana wani ya turo saƙon ƙarya ya fitar da kai daga Wi-Fi. Na'urar da ba ta san waɗannan biyun ba, ko ka rubuta mata kalmar sirri daidai sau ɗari ba za ta shiga ba, kuma abin da ke rikita mutane shi ne yawancinsu ba sa cewa ba su iya ba, sai su ce kalmar ba daidai ba ce. Wayoyin Android sun fara sanin WPA3 daga na 10, na iPhone daga iOS 13, Windows 10 kuma daga sabuntawar 2019, amma ko a nan sai katin Wi-Fi da ke cikin kwamfutar ya iya. Ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta netsh wlan show drivers, jeri ya fito na irin makullan da katin kwamfutata ya sani, ya bi da yatsa har ƙasa, babu WPA3 a ciki. Na tambaye shi ko in sayi ɗan katin da ake sokawa a ramin USB, wanda na ga yana sayarwa sidi 130. Ya ce, “Kada ka ɓata kuɗinka, Malam. WPA2 da AES, wato salon ɓoye bayanan da ya zo da shi, da doguwar kalmar sirri ya ishi gida.” Na ba shi sidi 40 na lokacinsa, ya yi ta ƙi, sai da na matsa ya karɓa.

Akwai wani abu da ya gargaɗe ni a kai wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin wani maƙwabcinsa a kasuwar ya sa baki yana cewa in mayar da komai yadda yake a da, gaurayen WPA da WPA2, in huta. Matashin ya ce a'a, domin wancan gaurayen yana barin ƙofa a buɗe ga TKIP, tsohon salon ɓoye bayanai na zamanin WPA na farko, kuma duk na'urar da ta haɗu da TKIP ko WEP gudunta ba ya wuce megabit 54 a daƙiƙa, komai ƙarfin rautar. Wato mai yin haka ya rage tsaro ya kuma rage gudu a lokaci guda. Ya ce duk inda na ga zaɓi tsakanin TKIP da AES, in ɗauki AES kaɗai. Ya kuma sa na kashe WPS, maballin nan da ake dannawa na'ura ta shiga ba tare da kalmar sirri ba, saboda an gano rauni a tsarin lambarsa tun 2011.

Daren Litinin na zauna a falo da kebul tsakanin kwamfuta da rauta, da littafi da biro a gefe. Na fara da shigar da suna da kalmar PPPoE, fitilar intanet ta koma kore, na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Kafin in taɓa wani abu na canja kalmar shiga shafin saitin kanta, wadda ta koma ta kanti, sannan na nemi wurin da aka rubuta Backup na adana kwafin saitin gaba ɗaya a kwamfuta. Daga nan na riƙa canja abu ɗaya, in zagaya gida in gwada, in rubuta sakamako, kafin in je ga na gaba. Na sa tsaro a gaurayen WPA2 da WPA3, wanda aka tanada domin sababbi su shiga da sabon makulli, tsofaffi da tsoho, na bar PMF a matsayin zaɓi. Talabijin ta shiga. Kwamfuta ta ƙi da farko, har sai da na share tsohon saitin da ta riƙe ta hanyar rubuta netsh wlan delete profile tare da sunan hanyar, sannan ta tambayi kalmar sirri kamar baƙuwa ta shiga. Wayar Baba da firinta kuwa ko a wannan gaurayen sun ƙi, kuma matashin ya riga ya gaya mini cewa wasu tsofaffin na'urori da sun ga alamar WPA3 suke rikicewa. Mafita ta fito daga wani wurin. Rautata tana watsa Wi-Fi a zango biyu na rediyo, 2.4 GHz da 5 GHz, waɗanda ta haɗe ƙarƙashin suna ɗaya. Na raba su, na ba kowane sunansa, na sa zangon 2.4 a WPA2 da AES zalla domin tsofaffi, na bar zangon 5 a gaurayen WPA2 da WPA3 domin sababbi. Wayar Baba ta shiga a gwajin farko. Na kai masa ɗaki, ya kunna tafsirin da ya bari tun Alhamis, ya ce, “Allah ya yi maka albarka.”

Firinta ce ta ci mini Talata. Da farko na sa ta a hanyar baƙi da rautar ke iya buɗewa, ina ganin nan ne wurin tsofaffin kaya. Ta shiga, fitilarta ta tsaya shuɗiya, amma kwamfuta ta ce ba ta gan ta ba. Dalili shi ne an ƙera hanyar baƙi ne domin ta raba mai shiga da sauran kayan gida, yana samun intanet amma ba ya ganin kowa, ba a kuma ganinsa. Na mayar da ita zangon 2.4 na gida. Na sa ta buga takardar bayanin haɗinta, na ga adireshinta ya fara da 169.254, wanda alama ce ta cewa na'ura ba ta samu adireshi daga rauta ba, ta ƙirƙiro wa kanta. Na kashe ta na kunna, na sake bugawa, wannan karon ya fara da 192.168.0 kamar sauran. Duk da haka takardu suka yi ta taruwa a layin bugawa ba sa fita, saboda kwamfuta tana aikawa tsohon adireshin da firintar ke da shi kafin a share saitin rauta. Na cire firintar daga jerin na'urorin kwamfuta, na sake ƙara ta, sannan na shiga rauta na keɓe mata adireshi ɗaya na dindindin don kada a sake. Wajen la'asar takardar farko ta fito.

Idan na haɗa kuɗin mota da data da na maigyara, na kashe sama da sidi 110, ban da aikin da na mayar. Da na san abin da na sani yanzu, da aikin bai wuce awa ɗaya ba. Wanda zai canja tsaron Wi-Fi ɗinsa ya fara da sanin yadda rautarsa ke samun intanet, ya rubuta suna da kalmar PPPoE idan irin layinsa ke nan, ya kuma san da sunan wa aka buɗe asusun tun kafin buƙatar zuwa ofis ta taso. Ya yi aikin da kebul da rana, a lokacin da mutanen gida suke nan da wayoyinsu, ba da dare shi kaɗai ba. Ina kuma ganin da na ba hanyar sabon suna tun daren Alhamis, da rabin rikicin bai faru ba, domin kowace na'ura za ta ɗauke ta sabuwa ta tambayi kalmar sirri, maimakon ta nace da abin da ta adana. Abin da ya fi ɓatar da ni shi ne canja abu uku a tare, domin da matsala ta zo ban san wanne ya jawo ta ba, na ɗora laifin a kan harafin ƙ alhali makullin ne babban dalili. Tsinke kuwa a bar shi sai an rasa kowace hanya, kuma sai an tabbatar akwai kwafin saiti a ajiye. Ban ce WPA3 ba shi da kyau ba, ya fi WPA2 jure wa mai ƙoƙarin cankar kalmar sirri, amma gida irin namu, inda wayar bana da ta shekara takwas suke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, dole a duba mafi tsufar na'ura kafin a zaɓi makulli.

Saura batun maƙwabta, wanda shi ne mafarin komai kuma ba saiti ke warware shi ba. Ranar Laraba ɗan wata Hajiya da ke haya a ɗakin ƙarshe ya tare ni a zaure, ya gaishe ni, ya ce, “Kawu, ko an yanke layin ne? Jarrabawa gare mu mako mai zuwa.” Na ji nauyinsa, domin a Zango ba a rufe wa yaro ƙofar karatu. Na shawarci Baba, muka tsaya a kan cewa a buɗe hanyar baƙi da kalmar sirrinta dabam, a taƙaita mata gudu, a kuma riƙa canja kalmar a farkon kowane wata, wanda yake so ya zo ya karɓa da bakinsa. Na kira 'yan hayar na yi musu bayani a tsakar gida bayan magariba, biyu daga cikinsu suka ce za su riƙa ba da wani abu a kuɗin wata. Jiya da dare na sake duba jerin na'urori, na ga 9 a hanyoyin gida, 6 a ta baƙi, kuma kowace a cikin shidan na san ɗakin da take.